Takardun Yaran Ingila da Bokitin Gidanmu

'Yan matan da ke zuwa neman aiki a wurinmu duk abu ɗaya suke faɗa idan sun leƙo ɗakin: "Au, ashe ɗaukar hoto ne kawai." Ni ma haka na ce ranar da na fara. Shekarata biyar ke nan a wani ƙaramin kamfanin ɗaukar hoton tsofaffin takardu a garin Beltsville, a Amurka. Mama Laraba, wadda ta koya mini aikin, ta ce in rubuta wa sababbin zuwa abin da na sani, tunda in na fara da baki murya ke ƙwace mini. Zan rubuta. Amma ba zan iya ba da labarin sana'ar nan in tsallake ranar da hukuma ta zo gidanmu za ta ɗauki jaririn yayata ba, don su biyun sun riga sun cuɗe mini. In kun ga magana ta karkace, ku yi haƙuri.

Aikin farko da aka ba ni wanke hannu ne. Mama Laraba 'yar Filato ce, ta haura shekara ashirin a wannan sana'a. Mijin yayata ne ya roƙe ta ta saka ni, don ba ni da komai sai takardar sakandare da na zo da ita daga Kano. Ta kama hannuna ta juya, ta shinshina.

"Ke 'yar Kano, wannan man da kika shafa, soya takardun za ki yi?"

"Sanyi ne ke fasa mini hannu, Mama."

"To ya fasa. In kin tashi aiki ki yi wanka da man ma. Nan babu mai, babu lalle, babu zobe."

Na tambaye ta farar safar hannun nan da nake gani a talabijin. Ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce safa sai in hotuna za a taɓa. Takarda da yatsa tsirara ake taɓa ta, don yatsa ne ke jin inda za ta yage tun ba ta yage ba. Sati uku ban kusanci kyamara ba. Ina koyon zura wani siririn ƙashi mai kama da wuƙa marar kaifi a ɗaga shafi, da share ƙura da burushi mai laushi, da danne gefen takarda da 'yan jakunkunan yashi. Littafi kuwa ba a baje shi a tebur, akwai katako mai gefe biyu da ake kwantar da shi a ciki don kada bayansa ya karye. Kyamarar a sama take tana kallon ƙasa, kuma da ƙafa ake danna ta, saboda hannu biyun duk suna kan takarda. Wadda hannunta ke rawa ba ta yin wannan aikin.

Aikin da na fi shan faɗa a kansa wasiƙun wata coci ne. Sun zo a hargitse cikin kwali, ta bana a ƙarƙashin ta shekaru hamsin baya. Na ce bari in burge Mama. Kafin ta dawo daga cin abinci na jera su bisa shekara, na miƙe kusurwoyin da suka lanƙwashe, har na goge wani tabo da ɗan yawu. Da ta gani ba ta ɗaga murya ba, zama ta yi.

"Sa'a, wa ya ce ki gyara?"

"Na ga a hargitse suke, Mama."

"Hargitsin nan magana ce. Wani ne ya ajiye wannan kusa da waccan, kuma yana da dalili. Kin rufe masa baki ke nan. Yadda kika sami abu haka za ki ɗauke shi, da daudarsa da yagewarsa. Ba ke ce za ki zaɓi abin da za a gani ba."

Kwana biyu muka yi muna ƙoƙarin mayar da su yadda suke, ba mu kuma iya duka ba.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai ofisoshin gwamnati da ke can unguwar Southwest, su da babbar mota suke aikowa, takardunsu kuma ba su da rai, lamba ce a kan lamba. Akwai iyalai masu kawo wasiƙun kakanni a kwalin takalmi, su tsaya a kanki kamar za ki sace. Akwai ɗakunan karatu, su ne masu kawo abin da ya tsufa da gaske.

Daga irinsu aikin ya zo, a shekarata ta huɗu. Akwatuna shida ne da wani tsoho ya tara a rayuwarsa, ya mutu ya bar wa wani ɗakin karatu. Takardun Ingila ne, na zamanin sarakunansu masu suna Joj, sama da shekara ɗari biyu da suka wuce. A lokacin, in mutum ya mutu ba zato, akwai jami'in da ke binciken mutuwar. Yakan tara maza sha biyu ko fiye daga unguwar, sau da yawa a masaukin baƙi ko mashayar ƙauyen. Sai sun je sun ga gawar da idonsu, su saurari waɗanda suka gani, sannan su yanke ko haɗari ne ko da hannun wani. Wasu a takarda aka rubuta, wasu a fata, fatar ta ƙandare tana nannaɗewa kamar kilishi. Tawadarsu tana cin takarda, wani wurin in kin ɗaga sai ki ga haske ta cikin haruffan. A ƙasa akwai ɗigon jan kakin hatimi, kuma waɗanda ba su iya rubutu ba sai su yi gicciye a madadin suna. Mama in ta gani sai ta ce, "Ga 'yan cocinmu nan sun sa hannu."

Tsohon nan na yara kaɗai ya tara. Ban san dalilinsa ba. Kuma a wannan aikin dole a karanta, don kowane hoto sai an rubuta masa layi a kwamfuta: suna, shekaru, da abin da ya faru. Na yi wata guda kafin idona ya saba da rubutunsu. Da ya saba na gwammace bai saba ba. Yarinya ta matsa kusa da murhu riga ta kama. Yaro ya leƙa rijiya. Wani yaron keken doki ne ya bi ta kansa a ƙofar gida. Wata ta janyo tukunyar tafasasshen ruwa. Waɗanda suka fi tsaya mini su ne na bahon wanki da bokiti, ruwan da bai kai gwiwa ba. Yaro kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa ya tafi ba ya iya dawowa, kuma ba ya ƙara. Iyayen mata kusan duk abu ɗaya suke gaya wa mazan nan sha biyu: ba su daɗe ba. Ɗaya ta fita ɗebo ruwa, ɗaya ta je shanya, ɗaya ta leƙa maƙwabta aron gishiri.

Na ce wa Mama, "Wannan ai kamar matan unguwarmu."

Ta ce, "Ki karanta da ido, Sa'a, kada ki karanta da ciki. Saura akwati huɗu."

Ina akwati na uku Yaya Murja ta haihu. A gidanta nake zaune a garin Clinton, ita da mijinta Yaya Kabiru da 'yarsu Nana, mai shekara ɗaya da wata takwas. Aka sami namiji, aka sa masa Sadiƙ. Gwaggo Tabawa, ƙanwar babanmu, ita aka yi wa biza ta zo daga Kano don wankan jego. Tana sauka ta taɓa ruwan zafin famfo ta taɓe baki.

"Wannan ne ruwan zafin Amurkan? Ko kaza ba zai fige ba."

Saboda haka safe da yamma a babbar tukunya muke tafasa ruwa a kicin, da busasshen ganyen darbejiya da Yaya Kabiru ya samo a shagon 'yan Indiya. Ni ke sauka da shi banɗakin da ke besmen, wato ɗakin ƙasan gida, a wani dogon farin bokiti da aka taɓa sayen fenti a ciki. In an gama wankan ruwa yakan rage. Gwaggo ba ta yarda a zubar. Ta shekara sittin tana sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, zubar da ruwa a wurinta kamar zubar da hatsi ne.

"Bar shi ya huce, 'yar nan, in jiƙa zannuwa. Ku 'yan boko ba ku san zafin ruwa ba."

Na san abin da bokiti ke yi. Na rubuta shi da yatsuna a kwamfuta ban san sau nawa ba. Kullum ni ce mai bi in ja ƙofar banɗakin, in sa ɗan shingen da ke bakin matakala.

Ranar Asabar ce da hantsi, kwana goma sha tara da haihuwa. An gama wanka, Yaya ta hau sama shayarwa, Gwaggo ta bi ta da kayan shafa. Na sauke bokitin daga cikin bahon wanka na ajiye a ƙasa kamar yadda Gwaggo ke so. Sai na ji kunun kanwa yana ƙauri a kicin. Na hau da gudu. Na ce yanzu zan dawo. Ban ja ƙofa ba, ban mayar da shinge ba. Na sauke kunun, na juye a kwano, na kankare gindin tukunya. Sai na ji gidan ya yi shiru irin wanda ba ya yi.

Da na sauka, ƙafafun Nana na fara gani a bakin bokitin.

Ba zan rubuta abin da ya biyo baya dalla-dalla ba. Na ciro ta, na kira lambar gaggawa, matar da ta ɗauka tana gaya mini inda zan danna ina dannawa. Motar asibiti ta zo. Yaya Kabiru ya shiga, ni da Yaya muka bi a mota da jaririn. Kafin azahar likita ya fito ya gaya mana.

A asibitin aka yi kuskuren farko. Da aka tambayi Yaya Kabiru yadda aka yi, sai ya ce a baho ta zame. A hanyar dawowa ya ce mana, "Kada wanda ya ambaci wankan jego. Mutanen nan in suka ji tafasasshen ruwa da mai jego, cewa za su yi azabtar da ita muke yi. Su kama Gwaggo, ita da bizar baƙunta."

Kuskure na biyu a gida muka tarar da shi. Gwaggo ta yi abin da kowace dattijuwa za ta yi in an yi rasuwa. Ta zubar da ruwan, ta wanke bokitin ta tura bayan injin wanki, ta goge ƙasa tas, ta jefa tawul ɗin da na naɗe Nana a inji. Ta shimfiɗa tabarmi a falo, ta kunna turaren wuta, don ta san 'yan gaisuwa na tafe. Kafin la'asar falon ya cika da matan masallacinmu. Maza suna waje suna maganar ko za a sami gawar a yi jana'iza kafin magariba.

Ba a samu ba. Ofishin likitan binciken gawa ya riƙe ta. Wajen ƙarfe biyar suka zo su uku: ɗan sanda, da wata mata daga ofishin likitan riƙe da allon rubutu, da wata baƙar fata mai sanyin murya daga hukumar kula da yara. Suka ce matan su ɗan ba su wuri. Mai allon ta sauka besmen ta dawo. Ta ce baho a bushe yake, ƙasa a bushe. Ta ce yarinyar da kayanta a jiki aka kai ta, ba a tuɓe kamar mai wanka ba. Ta ce an sami gutsattsarin ganye a gashinta da hancinta, kuma babu ganye a bahon. Ta tambayi ko akwai mai yi mata bayani.

Gwaggo ba ta jin Turanci, ta ja hannun Yaya Kabiru.

"Me take cewa? Ka gaya mata kwanan yarinya ne ya ƙare. Su ba mu ita mu rufe. Haba, gawa ta kwana a hannun baƙi?"

Ya ce, "Gwaggo, ki yi shiru don Allah." Ya juya ya ce musu sai lauyansa ya zo.

Sai mai sanyin muryar ta durƙusa a gaban Yaya Murja. Ta ce ta san ranar nan babu irinta. Ta ce amma yarinya ta mutu a gidan nan, labarin da aka bayar bai yi daidai da jikinta ba, an kuma share wurin. Har sai an gane abin da ya faru, dole jaririn ya kwana a wani gida da hukuma ta amince da shi. Ta ce a haɗa masa kaya, in akwai nonon da aka tatsa a sa a ciki.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta ƙanƙame Sadiƙ har ya fara tsala ihu. Gaban rigarta ya jiƙe. Ta dubi mijinta, ta dubi Gwaggo, tana cewa, "Kwana goma sha tara ne fa. Kwana goma sha tara."

Har zuwa lokacin babu wanda ya tambayi wa ya bar ƙofa a buɗe. Gwaggo tana zaton ita ce, saboda ruwan. Yaya tana zaton ita ce, saboda ta hau sama. Da na yi shiru da haka za a tafi. Abin da na gani a akwatunan nan ne ya hana ni. Matan nan na Ingila, da ba su iya ko rubuta sunansu ba, sun tsaya gaban maza sha biyu sun faɗi inda baho yake da inda suka je, kuma a mafi yawan waɗanda na ɗauka, abin da aka rubuta a ƙasa shi ne haɗari. Mu kuwa mun gyara wurin, mun rufe masa baki.

Na miƙe. Na ce da Turanci, "Ba baho ba ne. Bokiti ne. Ni na ajiye shi."

Yaya Kabiru ya ce, "Sa'adatu, zauna."

Na ce, "Yaya, za su tafi da shi."

Na sauka da su. Na jawo bokitin daga bayan inji, na tara ruwa daidai inda ya tsaya da safe, na ajiye shi a kan tayil ɗin da na ajiye shi. Na buɗe ƙofar iya yadda na bar ta. Na nuna shingen a jingine. Na ciro tawul daga inji, na kwance ledar shara na nuna musu dafaffen ganyen. Na gaya musu mene ne wankan jego, da cewa kowace mace a gidanmu an yi mata, har uwar da ta haife mu. Na gaya musu dalilin da ya sa Gwaggo ba ta zubar da ruwa, da dalilin da ya sa ta share gida. Mai allon ta tambayi minti nawa na yi a sama. Na ce ban duba agogo ba, amma na sauke kunu, na juye, na kankare tukunya. Ta hau kicin ta ga tukunyar a jiƙe a sinki, don ita kaɗai Gwaggo ba ta kai ga wankewa ba. Ta fito da 'yartsana daga jaka ta ce in nuna yadda na same ta. Na nuna. Ta ɗauki hoto.

Da na juyo, Yaya Murja tana tsaye a tsakiyar matakala da jaririn a kafaɗa. Ban san tun yaushe take wurin ba.

Mai sanyin muryar ta fita waje ta yi waya mai tsawo. Da ta dawo ta ce Sadiƙ zai kwana wurin uwarsa, amma za su riƙa zuwa dubawa, kuma bokitin ɗan sanda zai tafi da shi. Sai a rana ta uku aka ba mu Nana, bayan sun yi binciken gawar da Gwaggo ta yi ta roƙon kada a yi. Bayan makonni takarda ta fito. Haɗari aka rubuta. Akwai sunana a cikin bayanin, da kunun, da ƙofar.

Na koma aiki bayan sadakar bakwai. Mama Laraba ta sa mini takarda a gaba, na zura ƙashin, sai ga bakinsa yana kaɗawa. Ta zare shi daga hannuna a hankali.

"Koma kwamfuta, 'yata. Ni zan ɗaga, ke ki duba."

Ita ta ƙarasa akwatuna ukun da suka rage, ta kuma rubuta layukansu da kanta. Har yau a kwamfuta nake, ina duba ko hoto ya fita, ko an tsallake shafi. Ku da za ku zauna a teburin, ku sani ba kowace takarda ce za ta bar ku yadda ta same ku ba. In an kawo irin waɗannan akwatunan, ku faɗa tun da wuri in akwai ƙaramin yaro a gidanku.

Gwaggo ta koma Kano ana yin arba'in. A filin jirgi ta riƙe kaina ta ce, "Da ni da ke, Allah Ya yafe mana." Yaya Kabiru bai taɓa tayar da maganar ba. Yaya Murja ma ba ta taɓa yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Tana zuba mini abinci, tana tambayata aiki.

Washegarin ranar da muka dawo daga maƙabarta, Yaya tana ninke kaya Sadiƙ ya farka yana kuka a kan kujera. Ni ce kusa. Na miƙa hannu kamar yadda na saba tun ranar da aka haife shi. Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta riga ni isa.

"Bar shi, Sa'a. Na ɗauke shi."

A hankali ta faɗa, babu fushi. Yanzu yana tafiya, har yana kirana Anti. Ban sake ɗaukarsa ba, ita kuma ba ta miƙo mini shi ba.